Daga Allon Malam: Likitan Da Ya Riƙe Wa Ciwon Daji Rajista

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin za mu tattauna batun yaran da ake cirewa daga makaranta a tura su kasuwa. To, sai ku yi mana afuwa, mun ɗage wannan magana sai wani jiƙon, domin wani abu ya same mu a gida wanda muke ganin bai kamata mu yi shiru a kansa ba.

Kwanan baya muka yi addu'ar arba'in ta goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, Allah ya jiƙanta. Mace ce mai kazar-kazar, ta fi shekara talatin tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, da kuɗin ƙosan nan ta aurar da 'ya'yanta mata uku. Ciwon daji na nono ne ya zama ajalinta. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, ba mu sani ba sai da abu ya fashe ya zama gyambo, alhali kuwa ita ta fi shekara guda da jin wani ɗan ƙullutu kamar ƙwallon dabino a nononta na hagu. Ba ta gaya wa kowa ba sai wata aminiyarta, ita kuwa aminiyar ta ce mata, "Wannan daji ne, kada ki yarda a kai ki asibiti, daji ba ya son ƙarfe." Daga nan aka shiga neman magani a ɓoye, yau a shafa wannan, gobe a jiƙa wancan, har da tsaga wurin wanzami, har awakinta biyu suka tafi a kan haka.

Ranar da muka kai ta asibiti, a cikin mota muka ce mata, "Goggo, me ya hana ki faɗa mana tun da wuri?" Sai ta ce, "Haba ɗan nan, da wane baki zan gaya wa ɗa namiji irin wannan magana? Kuma ai ba ya yi mini ciwo. Abin da ba ya ciwo ne za a kai wa likita?" Likitan da ya duba ta ya ja mu gefe ya ce, "Malam, za mu yi iyakar ƙoƙarinmu don ta sami sauƙi, amma ciwon ya riga ya shiga ƙashi da huhu. Da bara warhaka kuka zo, da maganar ta bambanta." Wata huɗu ta ƙara a duniya.

A wurin zaman makoki sai magana ta tashi a kan tabarma. Wannan ya ce haka aka yi da matar wansa, wancan ya ce haka aka yi da surukarsa. Wani dattijo ya ce ai cutar matan Turawa ce, abincin gwangwani ya kawo mana ita, wani kuma ya ce jifa ne. Kowa da abin da yake faɗi, ba mai hujja a hannu. Mu dai malaman makaranta ne, kuma abin da aka fara koya mana a makarantar horon malamai shi ne kiran suna kowace safiya. Malamin da ba ya riƙe rajista ba zai san yaro nawa suka daina zuwa ba, balle ya san dalili. Wannan ya sa muka tambayi kanmu, shin akwai wanda yake riƙe wa wannan cuta rajista a ƙasashenmu? Da muka bincika sai muka tarar akwai, kuma ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne, a Yamai.

Sunansa Farfesa Hassan Nouhou, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdou Moumouni. Irin likitocin nan ne da majinyaci bai cika ganin fuskarsu ba. Idan an yanko ɗan nama daga jikin ƙari, ko an tsotso shi da allura, wurinsu ake kaiwa, su yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, su rina shi, su ɗora a kan gilashi su duba da madubin likita. Su ne suke tabbatar da cewa wannan daji ne, wannan kuwa ƙari ne kawai marar illa. Komai ƙwarewar likitan fiɗa, sai ya jira amsarsu.

A shekarar 1992 aka buɗe rajistar ciwon daji ta ƙasar Nijar a ɗakin binciken da yake shugabanta, shi ne kuma ya riƙe ragamarta shekara da shekaru. Ba su ne na farko a Afirka ta Yamma ba, don kuwa Ibadan ta buɗe tata tun 1960, Bamako kuma a 1986 a hannun Farfesa Siné Bayo. Aikin rajista aiki ne na mai haƙuri. Ma'aikaci zai ɗauki takardunsa ya bi manyan asibitocin birni ɗaya bayan ɗaya, Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da gidan haihuwa na Issaka Gazoby, yana buɗe kundin majinyata yana rubuta shekarun mutum, da mace ce ko namiji, da inda yake zaune, da sashen jikin da ciwon ya kama, da ranar da aka gano shi. Sa'an nan a dawo a tace, don kada a ƙirga mutum ɗaya sau biyu idan ya je asibiti biyu. Sunaye sirri ne, lissafi kawai ake fitarwa. Haka ake yi yau da gobe, har abin ya taru ya zama ilmi.

A shekarar 2013 wata mujallar likitoci ta Faransa ta buga sakamakon shekara 18 na wannan rajista, watau daga 1992 zuwa 2009, wanda Salamatou Mamoudou Garba da abokan aikinta suka tsara, da Farfesa Nouhou a cikinsu. Mutum 7,031 aka rubuta, kuma mata sun fi maza yawa. A wajen maza ciwon daji na hanta ne kan gaba. A wajen mata kuwa na nono ne, ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, sai na bakin mahaifa yake bi masa. A Kano ma, da Farfesa Aminu Zakari Mohammed da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka duba rajistarsu ta 1995 zuwa 2004, waɗannan biyu suka samu a sama, sai dai a can na bakin mahaifa ne ya zo farko. To, ga amsar dattijonmu mai cewa cutar Turawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon daji na nono a duniya, kimanin 670,000 suka mutu, kuma shi ne ya fi kowane irin daji kama mata a ƙasashe 157 cikin 185. Ba ta bar fari ba, ba ta bar baƙi ba.

Sai dai mu tuna, rajista ba ta ƙirga kowa sai wanda ya taka ƙofar asibiti. Matar da ta kwanta a ƙauyen Maraɗi ko Damagaram har ta cika, ba ta cikin lissafin. Goggonmu ma saura kaɗan ta tafi ba a san abin da ya kashe ta ba. Saboda haka ainihin adadin ya fi wanda aka rubuta.

Akwai wani abu kuma da rajistocin Afirka ta Yamma suka nuna. Matan da ake kawowa da wannan ciwo, da yawansu 'yan shekara arba'in da wani abu ne, alhali a Turai galibi sai an haura hamsin. Masana sun ce babban dalili shi ne, jama'armu yara da matasa ne suka fi yawa, tsofaffi kaɗan ne, amma haɗarin kamuwa yana ƙaruwa ne da ƙaruwar shekaru, a nan da can duka. Abin da wannan yake nufi a gidajenmu shi ne, wadda ciwon yake ɗauka uwa ce mai 'ya'ya a makaranta. Mu da muke cikin aji mun sha ganin yadda karatun yarinya yake tsayawa ranar da uwarta ta kwanta.

Wasu za su ce, ai matanmu suna haihuwa da yawa, suna shayarwa har shekara biyu, ba an ce wannan kariya ba ne? Akwai gaskiya a ciki. A 2002 wasu masana a ƙarƙashin Farfesa Valerie Beral ta Jami'ar Okisfod a Ingila suka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, suka gano cewa kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kashi 4.3 cikin 100, kowace haihuwa kuma da kashi 7. To, amma ragewa ba kawarwa ba ce. Goggonmu ta haifi takwas, duka ta shayar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matan da suke kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su, illa dai su mata ne kuma sun wuce arba'in. Don haka ba laifin kowa ba ne, ba a ɗaukarsa wurin wani, kuma ba abin kunya ba ne.

Farfesa Nouhou bai tsaya ga ƙirga ba, ya shiga neman hanyar da za a tare ciwon tun bai yi ƙarfi ba. Tsakanin 1999 da 2003, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta shirya wani babban gwaji a Indiya da ƙasashen Afirka biyar, Nijar da Mali da Gini da Kongo da Burkina Faso, a ƙarƙashin wani likita ɗan Indiya, Dakta Sankaranarayanan. Mata fiye da 58,000 aka duba, har da na Yamai da na nan Wagadugu. A rahoton da aka buga a 2008 akwai sunan Farfesa Nouhou, da na Farfesa Sakandé na ƙasarmu. Abin da aka gwada abu ne mai araha. Ungozomar asibiti za ta shafa ruwan binega da aka surka a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. Idan akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama daji ba. Wannan gwaji da ake yi wa matanmu a asibitocin unguwa, ashe da matan Wagadugu da Yamai aka auna ingancinsa.

Na nono kuwa ya fi wuya, domin ba shi da irin wannan gwaji mai sauƙi. A ƙasashe masu hali ana ɗaukar hoton nono da na'ura, musamman ga 'yan shekara 50 zuwa 69, amma na'urar tana da tsada kuma tana bukatar ƙwararrun masu karanta hoton. Sai masana suka tambaya, me talaka zai yi? A birnin Shangai na ƙasar Sin an gwada da mata 266,000 ma'aikatan masaƙa, aka koya wa rabinsu yadda za su riƙa laluben nononsu da kansu. Da sakamako ya fito a 2002, sai aka ga mace-macen ba su ragu ba. A birnin Mumbai na Indiya kuwa, asibitin Tata ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda ba likitoci ba ne, suna duba mata da hannu duk bayan shekara biyu, kuma duk wadda aka ji wani abu a jikinta sai a tura ta asibiti. Mata 151,538 suka shiga wannan bincike, aka bi su shekara 20. A 2021 sakamako ya nuna ana kama ciwon da wuri, kuma a cikin waɗanda suka kai hamsin zuwa sama mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Darasin a fili yake. Yana da kyau mace ta san jikinta, amma sai an haɗa da hannun wadda aka horar, da kuma hanya buɗaɗɗiya zuwa asibiti.

Yanzu bari mu komo kan maganar ƙarfe, tun da ita ce ta cinye mana goggo. A 2016 wata likita 'yar Nijeriya, Dakta Elima Jedy-Agba, ta tattara rahotannin asibitocin Afirka kudu da Sahara, ta samu cewa a cikin kowace baƙar mace 100 da aka gano tana da ciwon, 77 sun zo ne bayan ya kai mataki na uku ko na huɗu, watau ya riga ya yi nisa. Wani bincike da aka buga a 2020 ya bi majinyata a ƙasashen Afirka biyar. A Namibiya, ƙasa ɗaya ke nan, bayan shekara uku farar mace 90 cikin 100 suna raye, baƙaƙe kuwa 56. A asibitocin Nijeriya da aka bincika, 36 ne. Manyan dalilan da aka gano su ne zuwa a makare da rashin samun cikakken magani. To kun gani, idan mace ta zo bayan ciwo ya bazu, aka yi mata aiki, ta rasu, sai a ce ƙarfe ne ya kashe ta. Wata ta ji haka ta ƙi zuwa, ita ma ta makara, a sake cewa ƙarfe ne. Haka wannan magana take ciyar da kanta da rayukan iyayenmu mata. A ƙasashen da ake zuwa da wuri, da wuƙar nan da allurar nan, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa ƙasashe awo uku, masu sauƙin haddacewa kamar jadawalin lissafi, 60 da 60 da 80. A gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana mataki na ɗaya ko na biyu. A kammala bincike a san ko mene ne cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Kashi 80 cikin 100 kuma su ƙarasa maganinsu har ƙarshe. Biyun ƙarshe akwai nauyin hukuma a ciki. Na farkon kuwa a ɗakunanmu yake farawa.

Alamun da za a lura da su ga su nan: ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, kai, galibi ma ba ya ciwo da farko, canjin girma ko siffar nono ɗaya, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa yana fita ba na shayarwa ba, ko miki da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa ma idan ƙullutu ya ƙi bajewa, kada a ce nono ne kawai ya daskare, a je a duba. Kada kuma tsoro ya hana, domin kusan tara cikin goma na irin waɗannan ƙulle-ƙulle ba daji ba ne. Maza ma ba su tsira ba, ko da yake kaɗan ne ƙwarai.

A nan ƙasarmu an sami ci gaba wanda ya kamata mu sani. Tun 2016 aka sa gwajin bakin mahaifa cikin ayyukan da ake yi wa mata kyauta a asibitocin gwamnati, kuma wadda ta je za ta iya roƙon ungozoma ta duba mata nono a zuwa ɗaya. A 2021 aka buɗe cibiyar gashin ciwon daji a Bogodogo, a shekarar ce kuma Yamai ta buɗe tata, alhali a da sai mai hali ya fita waje. A 2022 aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 allurar rigakafin ƙwayar cutar da take haddasa dajin bakin mahaifa. A 2024 kuma aka ƙaddamar da motocin asibiti 15 masu yawo don gwajin mata. Duk da haka ba za mu ruɗe ku ba, gwajin nama da tiyata da ƙarin ruwan magani suna cin kuɗi, mun ɗanɗana mun ji.

Saboda haka muna da roƙo. Ga magidanta, matar da za ta je asibiti sai da izninku da kuɗin motarku, to ku riga ta yin maganar, kada ku jira ta kunyata kanta. Wallahi akwai matan da abin da yake hana su faɗi shi ne tsoron a cire nono miji ya juya musu baya ko ya yi musu kishiya. Ga iyayenmu mata, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to idan 'yar uwa ta yi miki raɗa, kada ki ba ta sunan mai magani, ɗauki mayafinki ki raka ta asibiti. Ga limamanmu, ku taimaka da kalma ɗaya bayan salla, neman magani ba ya karya tawakkali, a yi addu'a a kuma je wurin likita. Ga wanzamai da masu maganin gargajiya, waɗanda mata suke fara zuwa wurinsu, idan kun ga ƙari a nono ku ji tsoron Allah ku tura gaba. Ga shugabannin Zango da ƙungiyoyin adashi, mun iya haɗa gudummawar biki da ta makoki cikin yini ɗaya, me zai hana mu ware wani asusu na kuɗin gwaji, mu kuma gayyato ungozomomin asibiti su zo unguwa su duba matanmu a cikin gida mai sutura, da mai fassara musu da Hausa? Da yawa cikin tsofaffinmu ba sa jin Faransanci, wasu ko Mosanci bai zauna a bakinsu ba, wannan ma yana hana su zuwa.

Na ƙarshe, ba za mu fasa halinmu na malamai ba. Goggo ta ce ba ta iya gaya wa ɗa namiji. Da a ce akwai 'yarmu a cikin farar riga, mai jin harshenta, wataƙila da ta faɗa. A 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu daga arewacin Nijeriya don ta shugabanci babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya mai hedkwata a Janeba, ita ce ta farko daga Afirka da aka zaɓa a wannan matsayi. Ita ma daga aji ɗaya ta fara, ana kiran sunanta tana amsawa. Ku bar 'yan matanmu su ƙarasa karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka yaro, haka ma ciwo.

Allah ya saka wa Farfesa Nouhou da ire-irensa da alheri, waɗanda suka zauna suna ƙirga abin da mu muke ɓoyewa. Allah ya jiƙan goggonmu da dukan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ya karanta wannan shafi, don Allah ya karanta wa na cikin gida da ba su iya boko ba. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu cika alkawarin maganar yara da kasuwa.